Garkar da Ba a Taka Ba

Da mazan Magarya suka komo daga Jumma'a a Wurno, Mai unguwa Isa ya tarar da turke a ƙofar gidansa babu komai. Igiyar hanci na rataye a kan turken, a naɗe tsaf. Takarkarin da alƙali ya ba shi amana ya ɓace da rana tsaka.

Babu wanda bai san labarin takarkarin nan ba. Na Mode ne, manomin albasa. Shekarar da sojoji suka komo daga yaƙin Bama ruwan Rima ya cinye masa shuka, ya ranci fam huɗu da sule goma wurin Alhaji Shittu, ya biya haraji ya sayi iri. Shekara biyu bai biya ba, Alhaji ya kai ƙara. Alƙali ya yanke cewa a ajiye san a hannun mai unguwa zuwa Litinin. In kuɗi ba su zo ba, a kai shi kasuwar Goronyo a sayar, a biya Alhaji. In kuwa san ya salwanta, garkar Mode da ke fadama ta shiga hannun Alhaji jingina har ranar da aka biya. Kowa ya san garkar da ta shiga jingina a hannun mai kuɗi ba ta cika komowa ba.

Kafin la'asar an gama shari'a a bakin mutane. Mode bai je masallaci ba. Mode ne ke kiran san nan da fito ya biyo shi. Aka kamo shi aka zaunar a zauren mai unguwa, aka tura wa alƙali labari. Alƙali ya aiko dogari da magana ɗaya: a kira Maccido.

Maccido mai bin sawu ne, ya ba hamsin baya, dogo, ba ya sa takalmi. Shekara talatin yana yi wa kotu aiki daga Wurno har Rabah, ana ba shi sule biyu in ya samo, goro in bai samo ba. Ya zo ya kori mutane daga bakin turken, ya durƙusa.

Yana nan durƙushe ya ji ƙararrawar keke. Bai ɗaga kai ba. Keke ɗaya ne a Magarya, na Alhaji Shittu.

Tare suka tashi da Shittu. Tare suka yi kiwon jakuna, kuma Maccido ne ya koya masa ƙidaya da tsakuwa, don Shittu in ya wuce ashirin sai ya rikice. Yau Shittu ya je Makka ya komo, yana loda albasa zuwa Gusau, ya gina soro mai bene. A kotu ana shimfiɗa masa buzu kusa da alƙali, Maccido kuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa sai an kira shi.

Alhaji ya jingine keken ya ce, "Maccido ɗan Ma'u! Har yanzu kana nan kana shinshinar ƙasa?"

"Ina nan. Ɗage tayarka, ka take mani sawu."

"To, ga ni na ɗage. Ka samo mani sana, in ba ka riga."

"San Mode dai. Litinin ba ta yi ba."

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa na rawa. Ƙanshin turarensa ya sauko inda Maccido yake. Maccido ya tofar da yawu gefe ya ci gaba da duba ƙasa.

Abin da ƙasa ta nuna kaɗan ne. Mutum ɗaya ne, da takalman fata irin waɗanda ake sayarwa a kowace kasuwa. San ya taka sawun mutumin, wato mutumin na gaba, san na biye. Babu alamar ja, babu alamar turjiya.

Ya shiga zaure. Mode na zaune a ƙasa, gwiwoyi a haɗe, ƙaramin mutum mai faɗin kafaɗa irin na masu jan jigo.

"Ina kat tahi yau?"

"Hanyar Goronyo, Baba Maccido. Wurin wani mai jaki da nika bi sule sha biyu."

"Ka same shi?"

"Ban same shi ba."

"Wa yag gane ka bisa hanya?"

"Kowa na masallaci."

"Kai mi yah hana ka?"

Mode ya sunkuyar da kai. "In na shiga sahu, sai a riƙa matsawa ana ba ni wuri, awa mai ciwo. Na gaji da shi."

"Mutane na cewa son san nan yas sa ka sace shi."

"Ina son shi. Amma ni da bakina nic ce ma alƙali a ɗauki sa a bar mani garka. Sa ana saye. Garkar nan tsohona yab ba ni ita da hannunai. In ta tahi, mi za ni ci, mi tsohuwata za ta ci?"

"Ban da kai, wa san nan ka bi babu igiya?"

Mode ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ban sani ba."

Maccido ya lura da shirun, ya ajiye shi a ransa, ya fita.

Sawun ya bi bayan gari ya gangara fadama. Mai unguwa Isa na biye da Maccido yana haki. Rani ne, garake sun yi kore shar, kowace an yanka ta fangali fangali, ƙananan hanyoyin ruwa na ratsa su daga gindin jigo. Akwai turba a gefe da kowa ke bi zuwa gulbi. Ɓarawon bai bi ta ba. Ya saki turba ya shiga wata garka ta tsakiya, san na biye da shi. Fangali goma sha ɗaya suka ratsa. Albasa ta kwanta cikin laka, kofato ya farfasa kawunanta.

"Ta wa ta wagga?"

"Ta Mode," in ji Isa. "Ka ga wayo? Ya taka tashi don a ce ba shi na ba."

"Kai ka taɓa shuka albasa?"

"Shekara arba'in."

"Za ka iya taka ta?"

Isa ya janye ƙafarsa daga bakin fangalin.

Maccido ya auna takun da ido. Dogo ne, yatsu na nutsewa, irin na mai tafiya da zafin rai. Mutumin ma ya karkata hagu don ya ratsa fangalin da ya fi kyau.

Daga ƙarshen garkar Mode sai abin ya sake. Wata ƙaramar garka ce a gaba, a kan hanya sosai, gulbi na bayanta. Nan takun ya gajarce. Mutumin ya juya, ya hau kunyar gefe, ya zagaya garkar kusurwa biyu, san na bin siririyar kunya a bayansa kamar an koya masa. Ko ganye ɗaya bai karye ba.

"Wagga hwa?"

"Ta Alhaji Shittu ta. Bara waccan yak karɓe ta jingina."

Wani abu mai daɗi ya tsarga wa Maccido daga ƙirji har ciki. Bai ƙara tambaya ba. Ya leƙa gaba ya ga sawun ya shiga ruwa, ya ce wa Isa ya sa a tsare wurin kada kowa ya taka. Daga nan ana hango benen Alhaji bisa kan rufin gari. Maccido ya miƙe ya nufe shi kai tsaye, ya bar Isa a baya yana kiransa.

Zauren Alhaji na da daɓe mai sheƙi da agogon bango. Alhaji ya sa aka kawo fura da nono a kwanon sha mai murfi. Maccido bai taɓa ba.

"Nawa san nan za shi yi a Goronyo?"

"Fam biyar, in an yi sa'a."

"Garkar Mode hwa, nawa taka badawa a shekara?"

"Ta kai goma."

"To wanne yaf fi maka?"

Alhaji ya ajiye ludayi. "Maccido, ni kaka tuhuma?"

"Tambaya nika yi."

"Sahun gaba nike yau, bayan liman. Wurno dut ta gane ni."

"Mai kuɗi ba shi sata da ƙahwatai. Ɓarawon ya ratsa garkar Mode, ya zo ga taka ya zagaye ta awa kabarin uwatai."

"Wace garka?"

"Ta bakin gulbi."

"Ina da huɗu bakin gulbi." Alhaji ya share baki. "In da garkar Mode nika so, da na roƙi alƙali ita tun ranar hwarko, kuma da ya ba ni. Kuɗina nika so. Shekara biyu ina aike, ina haƙuri. Na kai ƙara inda anka ce a kai, ban aika ƙattai gidanai ba. Shi na laihina?" Ya dubi Maccido daga ƙafa zuwa kai. "Tun muna kiwo haka kake. In jakina ya yi ƙiba sai ka ce sata yaka ci."

"Jakinka sata yaka ci."

"Sha hurarka, ɗan Ma'u."

Maccido ya tashi. A bakin ƙofa keken na jingine, an goge shi da man gyaɗa. Ya dube shi fiye da yadda ya kamata.

Ranar Asabar da hantsi ya isa Wurno. Alƙali tsoho ne mai ƙaramar murya, yana zaune da littattafai a gabansa, muhuti, magatakardan kotu, na gefe yana feƙe alƙalami. Maccido ya tsuguna a bakin ƙofa ya faɗi abin da ya gani, ya ƙare da cewa Alhaji Shittu ne ya sa aka yi.

Alƙali ya ce, "Ka ga sawun Alhaji?"

"A'a, Allah shi gafarta Malam."

"Ka ga sawun wani bara nashi da kas sani?"

"Takalmi na, ba a gane mai shi."

"To mi kag gani?"

"An zagaye garkatai."

"Wannan ka hwaɗi. Shekara talatin kana zo mani da abin da ƙasa tac ce. Yau ka zo mani da abin da kai kac ce." Ya juya shafi. "Litinin da hantsi za ni yanke. In babu sa, garka ta tahi jingina. In babu wani ɓarawo, Mode na ɓarawo, don shi ɗai san ka bi. Wata shida gidan yari."

Maccido ya fito. A hanya maganar alƙali ta dawo masa: shi kaɗai san ke bi. Sai ya tuna shirun da Mode ya yi a zaure.

Kulu, uwar Mode, tsohuwa ce da ta wuce kulle. Ya same ta a tsakar gida tana kaɗi, mazari na juyawa a kan ɗan kasko.

"Inna, san nan a gidanga anka haihe shi?"

"A gidanga. Uwar ta mutu ta bar shi kwana tara. Da tsumma anka shayar da shi."

"Mode yash shayar da shi?"

"Mode na yaro sa'annan, ina yas san wannan? Wansa dai, Attahiru. Ɗaki guda sunka kwan da maraƙin har wata ukku. Ubansu na ta hwaɗa."

"San na Attahiru na ke nan?"

"Da. Ubansu ya raba musu tun da ransa, kowa garka guda, sa ga babba. Attahiru yas sai da tashi garka, yab bar ma ƙanenai san a bakin fam guda, yat tahi Kumasi wai za shi komo da mota." Ta tsinke zare da haƙori. "Shekara bakwai. Ya komo da akwatin kwano da tari."

"Yanzu mi shika yi?"

"Ban ruwa a garkar mutane. A raba ukku, shi ɗauki ɗaya."

"Garkar wa?"

Mazarin ya tsaya. Tsohuwa ta dube shi da idanun da suka fara fari. "Maccido, ɗiya biyu gare ni. Guda na ɗaure. Kai ka zo in ba ka na biyun?"

"Ina kwana da gajiya dai niz zo yi, Inna."

"To ka yi. Tashi."

Ya koma fadama shi kaɗai, ta turba. Wannan karon ya fara daga kusurwar da ɓarawo ya hau kunya, ya bi a durƙushe, taku ɗaya bayan ɗaya. A kusurwa ta biyu ya ga abin da ya tsallake jiya. San ya tsaya a wurin, kofatansa huɗu sun nutse wuri ɗaya, har ya yi kashi. Sawun takalmi na dama na kan kunya. Na hagu babu. A maimakonsa ga shatin takalmin an ajiye shi gefe, babu nauyi a kansa.

Ƙasa da kunyar, hanyar ruwa ta ɓalle ta fara zuba cikin fangalin iri, inda ƙananan tsiron albasa suke kamar gashi. Wani ya toshe ɓarakar da laka, ya danna da ƙafa tsirara, sau uku. Rana ta busar da lakar ta yi tauri kamar tukunya. Ƙafar hagu ce, babban yatsa ya gajarce, kansa a yanke.

Mutum na tsakiyar sata, rana tsaka, sa na biye da shi, ya tsaya ya cire takalmi don ruwa zai kashe iri. Ɓarawon haya ba ya yin haka. Mai garkar da ba ya shiga laka ma ba ya yi. Sai mai ban ruwanta, kuma ban ruwa aikin Attahiru ne.

Maccido ya daɗe zaune a kan kunyar. Ya gwada ta kowace fuska ko akwai yadda Alhaji zai shigo cikin maganar. Ko shi ya aiki Attahiru? Amma wanda aka aika ba ya karkata don ya taka fangali mafi kyau, garkar da maigidansa zai karɓa jibi. Wannan takun na mai jin haushi ne, ba na mai aike ba. Ya kife ƙwarya a kan sawun, ya ɗora dutse.

Ranar Litinin alƙali ya zo fadama da kansa bisa doki, don Maccido ya ce shaidarsa ba ta ɗaukuwa. Dogarai biyu suka jera mutane a kan turba. Aka kawo Mode da igiya a ƙugu. Alhaji ya zo da farar riga da takalma masu ado. Attahiru na cikin jama'a, dogo ramamme, yana tari cikin hannun riga. Kulu ta tsaya can baya da sandarta.

Maccido ya nuna inda sa ya ratsa, ya nuna inda ya zagaya. Sannan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ina son Alhaji shi nuna muna iyakar garkatai. Shi taka ta da ƙahwa."

Alhaji ya tattare riga. "Wagga ta, ko?" Ya nuna ta maƙwabci. Mutane suka yi dariya, Isa ya gyara masa. Ya haura kunya da ƙyar, ya duba hagu da dama, ya miƙe tsakiya. Takalminsa ya sauka cikin fangalin iri, ya ɗaga ɗaya ƙafar zai ƙara.

"Alhaji! Irin! Irin na kaka takawa!"

Kowa ya juya. Attahiru ne, ya riga ya fito daga layi taku biyu, hannu a miƙe.

Maccido ya ce, "Kai ka ban ruwa nan?"

"Ni na. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba sai shekaranjiya, don ban tambaya ba. Ranar Jumma'a ina kake?"

"Masallaci. Sahun baya."

"Zo nan. Cire takalminka na hagu."

Attahiru bai motsa ba. Dogari ya dafa kafaɗarsa, ya tako a hankali. Maccido ya ɗauke dutse ya buɗe ƙwarya. Alƙali ya sauko daga doki ya sunkuya ya duba. Da Attahiru ya zare takalmin, babban yatsan ya fito guntu, tsohon tabo a kansa.

"Sawuna na," in ji shi. "Garkar da nika aiki ta. Kullum ina toshe ruwa nan."

"Gaskiya na. Amma duba nan." Maccido ya nuna gefen shatin da tsinke. "Kashin san ya zubo ya gangaro, kai kuma ka danna bakinai da diddige cikin laka. Kashin na ƙasa, ƙahwarka na bisa, sun bushe tare. San nan kwana ashirin shina ɗaure ƙofar mai unguwa. Yaushe yaz zo nan in ba Jumma'a ba?"

Mutane suka matso suna leƙen sawun.

Alƙali ya ce, "Ina san?"

Attahiru ya yi tari, ya share baki. "Shina ƙetare, hanyar Rabah, wurin wani Bahillace. Na ce mashi kiwo na. Ban sai da shi ba. Ba ni iya sai da shi."

Mode ya ce, "Yaya, mi nai maka?"

"Ba ka yi komi ba. Kai ba ka taɓa yin komi ba. Ka zauna inda anka aje ka, sai komi yaz zama naka." Muryarsa ta hau. "Ni nit tono rijiyar garkar nan da tsoho. Nan hauya tac cinye mani yatsa. Kullum sai na ratsa ta gabanka in tahi ban ruwa a ta wani, kai kana ce mani sannu da aiki, Yaya. In Alhaji ya karɓe ta, wa za shi ba ta in ba ni ba? Ko kashi guda cikin ukku na, in tsaya cikinta dai. Kai ma ka ɗanɗana ratsawa ta gaba."

"Da ka ce mani, da mun raba."

"Shi na ban so. A ce kai kab ba ni."

Alƙali ya juya ga Maccido. "Ranar Asabar ka kira sunan wani a gabana, muhuti ya rubuta. Mi kac ce yanzu?"

Maccido ya ji idon mutane a kansa. Alhaji na tsaye cikin laka har idon sawu, yana jira.

"Alhaji Shittu ba shi da hannu. Ni nay yi kuskure."

"Ɗaga murya, na baya ba su jiya ba."

Ya ɗaga murya ya sake faɗi.

Alƙali ya yanke a tsaye. A kwance Mode, a ɗaure Attahiru a kai shi Wurno. A ɗauko sa yau, a kai shi Goronyo ranar kasuwa, a biya Alhaji fam huɗu da sule goma, abin da ya ragu na Mode ne. Garka ta zauna hannun mai ita. Muhuti ya rubuta a kan gwiwarsa. Kulu ta juya da sandarta ta nufi gida, ba ta dubi ko ɗaya cikin 'ya'yanta ba.

Alhaji ya fito daga laka yana karkaɗe takalmi. Ya zo kusa da Maccido ya ce a hankali, "Rigar na nan. Na ce za ni ba ka."

"Riƙe abinka."

"Za ni aiko da ita gida. Ka ƙi, in ba matarka." Ya tura kekensa ya hau turba, ƙararrawa na kaɗawa.

Jama'a suka watse. Maccido ya tsaya karɓar sule biyunsa wurin muhuti, ya ɗaure a bakin zane. Zai wuce ya ga Mode ya riga ya shiga garka, shatin igiya na nan a rigarsa, yana ta da albasar da za ta tasu, yana jefar da wadda ta fashe.

"Baba Maccido, zo ka duba mani wani abu."

Ya kai shi gefen gabas, inda san bai bi ba. Fangali huɗu ne a jere, an ratsa su a karkace. Babu kofato, babu takalmi. Ƙafa ce tsirara, doguwa, ta fito daga wajen garkar Alhaji ta nufi gari.

"Wanga ba na Yaya ba na. Ba na sa ba na. Wa yay yi mani wanga kuma?"

Maccido ya duba. Taku dogo, yatsu sun nutse, diddige da ƙyar ya taɓa ƙasa. In da za a ɗauko na Attahiru a ajiye kusa da shi, tsawonsu ɗaya. Ya bi layin da ido har inda ya miƙe, ya ga benen Alhaji a ƙarshensa, sannan ya dubi ƙafarsa.

"Ka san mai shi?"

"Na san shi."

"To shi kuma mi nai mashi?"

"Ba ka yi mashi komi ba. Bai ma gane ka ba."

Ya kwance bakin zane, ya ajiye sule biyun a kan kunya, ya naɗe wando zuwa gwiwa.

"Miƙo mani hauyar."